Ado Sai-Baɗi da Haƙoran Kwamfuta

Na sha wuya ranar nan, ba sai an tambaye ni ba. Na yi dakon wake a Dawanau har bayana ya ce ya gaji, na yi noman gero a shekarar da ruwa ya ɗauke mana sau biyu, amma ban taɓa yin aikin da ya ci min rai kamar zuwa sayen kwamfuta ni kaɗai, babu Ado a bayan babur ba.

Ku da kuka san shi kun san wanda nake nufi. Ado Sai-Baɗi. Dillalin shanu, ido ɗaya, hula a karkace, da wani ɗan filash na ajiyar kayan kwamfuta rataye a wuyansa da igiyar fata kamar laya. Mutumin da ba a taɓa miƙa masa laftof ya tsaya kallon kyanta ba. Sai ya kifa ta, ya manna gindinta a kumatunsa, ya kara kunne wajen fanka, sannan ya dubi mai shago ya ce, "Buɗe min bakinta."

In mai shagon sabo ne sai ya yi sororo. "Baki kuma, Baba?"

"Haƙora zan gani. Kai kana sayen saniya don ƙahonta yana sheƙi?"

Nufinsa a buɗe masa wurin da aka rubuta sunan furosesa, abin nan da ke cikin kwamfuta yana jan aikin duka yadda sa ke jan garma. Ado bai iya Turanci ba, ni ma haka, rana ɗaya muka bar firamare. Amma lamba kam ya santa.

Abin da ya kai ni kasuwar kuwa Rabi ce, babbar 'yarsa. An ɗauke ta makarantar koyon aikin lafiya a cikin gari, aka ce kowa ya zo da kwamfutarsa. Sa ɗaya Ado ya bari a turke. Bayan arba'in aka sayar da shi, Talatu matarsa ta aiko a kira ni. Tana takaba, daga bayan ƙofar zaure take magana.

"Malam Iliya, kai za ka je. Shekara tara kana bin sa, kai ka san kan abin."

Na ce, "Talatu, ni babur nake tuƙawa."

Ta ce, "To wa zan aika? Ni?"

Na karɓi ledar kuɗin. Sa ɗaya ne fa. In na sayo wa yarinyar nan gawa, babu na biyu da za a kwance. Ni kuwa Allah ya sani, duk shekarun nan in Ado ya fara bayaninsa ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu, ni hankalina yana kan man da babur ke sha.

Yadda ciwon son kwamfutar nan ya kama shi, ina wurin. Mun je wani shagon buga takardu a Dawakin Tofa kan maganar takin zamani, sai muka tarar da mai shagon yana tuƙa tirela a cikin kwamfuta. Tirela sosai, da madubi, da sitiyari, da titi shimfiɗe. Ado ya tsaya kamar an dasa shi. Kun san tun muna ƙanana ba shi da buri sai zama direban babbar mota, karan dawa ne ya tsone masa ido a gonar kakansa, shi ke nan maganar ta mutu. Ranar nan har muka fito bai karɓi takardar takin ba, sai da na koma na karɓo masa. A hanya ya dafa kafaɗata ya ce, "Iliya, ashe wannan motar ba ta tambayar ido nawa gare ka."

Daga nan aka shiga bincike. Kowace Laraba in ɗauke shi mu bi ta Bacirawa mu shiga gari, kasuwar waya da kwamfuta, layin 'yan gwanjo. A hanya yana bayana yana karatu, iska tana kwashe rabi.

"Lamba uku, lamba biyar, lamba bakwai, wannan jinsi ne kawai, kamar ka ce bunaji ko bokolo. Kana ji na?"

"Ina ji."

"Ba ka ji. Shekarun suna bayan ɗan karan nan da ake ja a tsakiya. In ka ga uku ko huɗu a wurin, tsohuwa ce tukuf, ko an shafe ta da mai. Lamba biyar matashiya ta fi lamba bakwai ta zamanin kakanka. Me na ce?"

"Ka ce kakana."

"Allah ya shirye ka. Kauce wa ramin nan."

Ya zaɓa wa malaman makaranta, ya zaɓa wa 'yan kasuwar hatsi, har daga ƙauyukan gefe ana zuwa nemansa. Shi kuwa har ya koma ga Allah bai mallaki ko wayar cajin kwamfuta ba. Duk wadda ya yaba, in ka ce to saya mana, sai ya girgiza kai.

"Sai baɗi. Sabuwa za ta fito, ta bana ta faɗi."

Baɗin ta zo, ta banan ta faɗi kamar yadda ya ce, sai ya ce ai yanzu ta tsufa. Haba Ado!

Kun tuna Malam Nura na firamaren gabas? Shi ne ya ƙi jin magana. Ya ce shi ƙwallo yake son bugawa a kwamfuta, amma ba zai ɗauki dillalin shanu ya zaɓa masa ba, shi da ya yi karatu. Ya tafi shi kaɗai ya sayo wata siririya fara tas, mai ƙaramin furosesa irin wanda Ado ke kira ɗan akuya. Ya kawo ta majalisa ƙarƙashin darbejiya don a gani. Aka kunna ƙwallo. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa, ya tsaya. Ya sauke, ya tsaya. Ƙwallon tana tafiya kamar mai ciwon gwiwa.

Ado ya leƙa da idonsa ɗaya ya ce, "Malam, yaushe aka buga wannan ƙwallon?"

"Yanzu mana."

"To mu je mu yi La'asar mu dawo, wataƙila ta isa raga."

Malam Nura ya ce ai sai ta yi ɗumi. Ado ya ce, "Ɗumi ai ta yi, taɓa ka ji. Ka ɗaura wa ɗan akuya garma ne. Rubuta jarabawar yara da ita, za ta yi maka shekara biyar ba ta ce uffan ba. Ƙwallo kuwa ka sayi ta roba." Wata uku Malam Nura ba ya gaishe shi. Amma har yau da ita yake buga takardun jarabawa, ku tambaye shi.

Wani Alhaji mai wake a Dawanau kuma nasa akasin haka ne. Shi mafi tsada yake so, mai fitilu ja da kore a kibod. Ado ya tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce wa'azi da labarai, sai hoton wake da zai tura wa mutanen kudu. Ado ya ce, "Alhaji, taki za ka kai gona, me ya haɗa ka da doki? Jaki ya ishe ka." Alhaji ya ce a gaban yaransa aka kira shi mai jaki, ya hana mu ko ruwan leda. Muka dawo da ƙishi, Ado yana bayana yana cewa, "Amma dai na faɗi gaskiya." Na ce gaskiyarka ba ta jiƙa maƙogwaro.

Sai maganar kakide. Wannan kam ni kaina na ji kunya. Ado ya ce kumatu yana ƙarya, wani lokacin zafin rana ne kake ji ba na kwamfuta ba. Sai ya samo daskararren kitse wajen mahauta, yana yawo da shi a ɗan gwangwani. In an kunna masa kwamfuta sai ya gutsuri kaɗan ya sa a murfin kwalba, ya ajiye daidai inda fanka ke fitar da iska. In ya narke kafin tirelar wasan da yake gwada kwamfutar da shi ta fita daga gari, wannan ba ta wasan gem ba ce, murhu ce.

Akwai wani mai shago, Sunusi, dogo mai furfura a gemu, shi ya fi kowa shan wahalarmu. Ranar da ya fara ganin kakiden nan ya daka tsalle.

"Malam Ado! Shagona ne ko tukuba?"

"Kwantar da hankalinka, ai ba a kanta na sa ba."

"Ga Hajiya tana jira za ta saya, ka cika min shago da ƙauri!"

Ado ya ɗaga murfin ya duba, ya juya wajen matar ya ce, "Hajiya, kada ki saya, ta narkar." Matar ta ɗauki jakarta ta fita. Sunusi ya kore mu har bakin titi yana rantsuwa. A ƙarƙashin gada Ado ya fito da gurasa daga aljihu ya dangwale narkakken kitsen nan tas. Na ce, "Ko ɗan ɓari ba za ka ba ni ba?" Ya ce, "Kayan aiki ne, ba abinci ba." Yana taunawa yake faɗa.

Marowaci ne, kada mu yi masa ƙarya don ya mutu. Shekara tara bai taɓa zuba min mai ba sai ranar da babur ya mutu mana a Bacirawa, shi ma kwalba ɗaya, kuma sai da ya ɗaga ta a rana ya duba ko an haɗa da kananzir. Amma kowace shekara yana kiwon sa ɗaya ya ce na kwamfuta ne, kowace shekara kuma san yana tafiya wani wuri. Wata shekara rufin ɗaki, wata shekara haihuwar da ta zo wa Talatu da gardama. Shekarar da Hadiza matata ta kwanta asibiti kwanciyar da ba ta tashi ba, na shiga gidansa wata safiya na ga turke wayam. Na ce ina san? Ya ce, "Bana kwamfutocin ba su yi ba." Ashe kuɗin asibitin ya biya da shi.

Tuƙin nasa kuwa, wayyo Allah. A filash ɗin wuyan nan tirelarsa take. Kowane shago muka shiga sai ya soka shi a kwamfutar da yake gwadawa, ya gyara zama, ya yi bismilla. Kaya ɗaya ya ɗauko tun shekarar farko, ya ce waken Dawanau ne, ko da yake garuruwan duk na Turawa ne. Ba ya wuce arba'in. Motoci suna ta wuce shi suna hon, shi ko a jikinsa.

"Taka mana, Ado, ai ba gaske ba ne."

"Kayan mutane ne a bayana."

In zai yi baya kuma ni ne yaron mota. Ni da furfurata in tsaya a bayansa a tsakiyar shago ina cewa, "Zo, zo, zo, ya isa!" masu saye suna dariya. In aka kira salla sai ya sa sigina, ya gangara gefen titi, ya kashe mota, sannan ya tashi. Wani ya taɓa ce masa ai akwai maɓallin da ake dannawa komai ya tsaya cak. Ya ce shi ba zai bar tirela a tsakiyar titi ba, a zo a yi haɗari a ce direban Kano ne. In kuwa ya goge ko da ƙarfen gefen hanya ne, sai ya koma farko, wai ba zai kai wa mutane kaya da tabo ba. Ga masu shago ba sa barinsa ya wuce kwatan awa, sai a zo a rufe masa a fuska. Shi ya sa waken nan shekara tara bai isa ba.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a tsakiyar damina, ana cikin noman maimai. Na je duba shi da yamma, yana kwance a zaure kan tabarma, ya rame a kwana uku kamar wata uku.

Ya ce, "Iliya, na gama bincike."

Na ce, "Alhamdulillahi! Wacce ce?"

"In na gaya maka yanzu za ka ruga ka saya da tsada. Bari dai sai..."

"Wallahi in ka ce baɗi zan tashi in tafi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai faɗa ba. Bayan kwana biyu da hantsi ya cika. Ni na cire masa filash ɗin daga wuya da hannuna da za a yi masa wanka, na jefa a aljihu, ban san me zan yi da shi ba.

To, ranar Larabar da zan je sayen na tashi babur na fita. Babur in ya saba da mutum biyu, mutum ɗaya ba ya jin daɗinsa. Baya sai rawa yake. A kwanar Bacirawa na juya na ce, "Riƙe hularka," na ga ba kowa sai wani mai kurar ruwa yana kallona. Tun rasuwar Hadiza yara suka watse neman abinci, wannan Ikko, wannan Abuja. Gidan ba mai magana sai rediyo. Surutun Ado da nake ƙorafi a kai, ashe shi ne maganar da ake yi da ni a mako.

Na shiga layin 'yan gwanjo. Ban nufi wajen Sunusi ba, kunya nake ji. Na faɗa shagon wani mai jar hula da ban sani ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ƙurar ƙauye a ƙafata, ya washe baki.

"Baba, ta ɗalibi ce? Allah ya kawo ka gidan sa'a. Ga lamba bakwai, babu sama da ita. Dubi fitila. Gem, karatu, komai. Don kai ne zan bar ta a kuɗin lamba biyar."

Kai, ta yi kyau! Baƙa wuluk tana sheƙi, kibod yana ja kamar garwashi. Na ce a raina Rabi za ta shiga makaranta da lamba bakwai, 'ya'yan masu kuɗi su kalle ta. Na gaji, ina jin yunwa, ina so in gama in tafi. Har na sa hannu a aljihu na taɓa ledar kuɗin. Sai yatsana ya ci karo da igiyar fatar nan.

Ban san lokacin da na kifa kwamfutar na manna ta a kumatuna ba. Zafi rau, ko aiki ba ta fara ba. Na ji bakina yana cewa, "Buɗe min bakinta."

Mai jar hula ya ce, "Me?"

"Wurin sunan furosesa. Buɗe."

Ya yi ta 'yan kame-kame, wai ai ga sitika a jiki. Na ce ban zo sayen sitika ba. Ya buɗe yana tsaki. Na matso da fuskata. Rubutun duk bai shige ni ba, amma na ga bakwai, na ga ɗan karan, na ga abin da ke bayansa. Uku.

Na ce, "Wannan saniyar ta girmi 'yar da za a saya wa a wahala. Ta zubar da haƙora, mai kuka shafa mata."

Ya ce, "Baba, kai injiniya ne?"

Na ce, "Yaron mota ne." Na ajiye masa kayarsa na fita. Saura ƙiris in kai san Ado mahauta a banza.

Daga nan na haɗiye kunyar na tafi wajen Sunusi. Yana ganina ya leƙa bayana, ya ɗaga hannu. "A'a! Yau ba kitse a shagona. Ina mutumin naka, ya tsaya sayen gurasa?"

Na ce, "Ya rasu. Yau kwana arba'in da shida."

Ya sauke hannun a hankali. Ya yi salati, ya zauna kan benci. Can ya ce, "Laraba shida ina cewa yau na huta." Ya tura min kujera.

Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya shiga ciki ya fito da guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya siririya mai shuɗiyar sitika, lamba biyar, takwas a bayan karan. Ɗaya mai kauri da jar sitika, nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ce, "Waɗannan biyun ya yi ta zagayawa a kansu zuwansa na ƙarshe. Mai kaurin ta fi ƙarfi wajen fito da hoto, gem take so, amma batir ba ya daɗewa. Siririyar ta rubutu da karatu ce, tana kai wa Azahar ba caji."

Na ciro filash na miƙa masa. Ya soka a siririyar. Tirela ta fito, tana tafiya amma tana ɗan ɗingishi in an zo cikin gari. Ya soka a mai kaurin. Jama'a! Titi ya kwanta sumul, har ruwan sama kana gani yana gangarowa a gilashi. Wannan ce. Ko bai faɗa ba na sani, wannan ce wadda ya gama bincike a kanta.

Zuciyata ta ce ɗauki mai kaurin. San Ado ne, burin Ado ne, shekara tara. In kai ta gidansa ko sau ɗaya ta kwana a ɗakinsa. Na daɗe ina shafa murfinta. Sai na tuna Rabi za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai inda wuta sai an ga dama, ta saɓa jaka ta hau mota ta sauka kullum. Ita ba tirela za ta tuƙa ba. Na ji shi sarai kamar yana bayana: taki za a kai gona, Iliya.

Na kifa siririyar a kumatuna. Sanyi ƙalau. Na ce, "Wannan. Ƙara mata ram in akwai wuri, filin da take baje aiki, Ado ya ce masussuka in ta yi ƙunci ko san kirki ba ya sakewa."

Sunusi ya dube ni ya ce, "Ashe kana ji."

Na ce, "Ni ma yau na sani."

Ya gyara ta, ya sa a jaka, muka gama. Na miƙa hannu zan zare filash daga mai kaurin, sai ya riƙe min hannu.

"Zauna. Kai masa kayan nan. Yau ba mai rufewa."

"Ni ban taɓa tuƙawa ba, zo-zo kawai na iya."

"Ga gaba, ga birki, ga hagu, ga dama. Zauna mana, Malam."

Na zauna. Na yi bismilla. Wallahi gumi har cikin idona. Na riƙe arba'in ban wuce ba, motoci suna ta yi min hon. Wani mai saye ya shigo ya nuna mai kaurin, Sunusi ya ce ba ta sayarwa ba ce yau, ya dawo gobe. Aka kira La'asar na sa sigina na gangara gefe, muka je muka yi salla muka dawo. Na goge wani allon alamar hanya, na dubi Sunusi. Ya ce shi bai ga komai ba. Na ci gaba.

Rana ta yi sanyi muka iso wani babban fili mai shinge, aka nuna inda zan ajiye da baya. Nan na tsaya. Ba wanda zai duba min. Sai na ji murya a bayana, ƙatuwar muryar nan da ta sha korar mu.

"Zo. Zo, zo. Karya hagu. Haba, hagunka! Zo, zo, ya isa!"

Kwamfuta ta yi wani ɗan kiɗa, rubutu ya fito. Na ce me suka ce?

Sunusi ya karanta ya ce, "Sun ce kaya sun isa. Amma wai an makara."

Na ce, "Gaya musu direban ne ya rasu."

Muka yi dariya mu biyu, irin wadda ake yi ana kallon ƙasa. Ya zare filash ɗin ya rataya min a wuya da kansa.

Washegari da sassafe na ɗauki Rabi da akwatinta na kai ta Bacirawa ta hau mota. Na ce kada ta ɗora kwamfutar a kan katifa, fanka tana son iska. Na ce kada ta ba kowa aro ya sa mata ƙwallo. Ta rungume jakar a ƙirji ta ce, "Baffa, yadda kake magana sai ka ce Baba." Na ce ta shiga mota za a cike wurin.

A hanyar dawowa na ratse ta maƙabarta. Gero ya yi kai a gonakin gefe, ciyawa ta fara rufe ƙasar da muka tara masa. Na yi sallama, na tsuguna na cire ciyawar da hannu. Na ce, "Ado, wake ya isa. Na goge allo ɗaya, ka yi haƙuri."

Allah ka jiƙan Ado. Ka yafe masa rowarsa da taurin kansa, ka dubi turken da ya sha bari wayam saboda mutane. Ka haskaka masa kabarinsa, ka mayar masa da idonsa biyu, ka sa ya isa masauki lafiya ba tare da tabo ba. Ka raya masa Rabi da ƙannenta. Mu da muka rage a hanya, ka sa mu cika da imani.

Na shafa, na tashi, na buga babur. Na ɗan jira kaɗan yadda na saba, don ya tattare rigarsa ya hau. Sannan na sa giya na tafi gona.